Tsarabar Kudancin Katsina: Abin da matafiyi ke ɗauka daga Funtuwa, Mahuta da Malumfashi

Kowace ƙasa da tsarabarta. Wanda ya je bakin teku kamar Legas, da kwakwa da busasshen kifi yake komowa, alhaji kuwa da dabino da zamzam. Tsarabar Kudancin Katsina, yankin da ake kira Karaɗuwa, daga gona take fitowa, don haka kowane iri yana da lokacinsa. Wanda ya san lokacin shi ke samun mai kyau da araha.

Yankin ya ƙunshi ƙananan hukumomi 11, ciki har da Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Malumfashi da Ƙafur, inda garin Mahuta yake. Ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga fadamu, shi ya sa ake noman masara da auduga da waken soya da rake da tumatir.

Mazarƙwaila

Ita ce kan gaba a tsarabar yankin, musamman wajajen Ɗanja da Ƙafur inda rake ya wadata. Ana matse rake a inji, a da doki ke juya shi, yanzu kuwa an fi amfani da mai aiki da man fetur ko dizal. Sai a dafa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Lokacinta hunturu ne zuwa bazara, lokacin saran rake. Mai kyau tana da tauri, a bushe take, launinta ruwan ƙasa. Wadda ta yi baƙi ƙirin takan zo da ɗaci, alamar ta ƙone a wuta. Da damina tana jan danshi ta yi laushi, saboda haka a ajiye ta a mazubi mai murfi.

Daddawa

Sana'ar mata ce. Ana yin ta da kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, wadda ke nuna da bazara. Akan dafa kalwar ta daɗe a wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a shanya. Yawan sare itatuwan ɗorawa ya sa kalwa ta yi tsada, har mata da yawa suka koma yin daddawa da waken soya. Ta kalwa ta fi duhu da ƙarfin ƙamshi, ta fi kuma kuɗi. Mai saye ya tambaya kafin ya biya.

Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa

Bayan kaka, gyaɗa na sauka, matan karkara su soya, su niƙa, su matse mai, ragowar tunkuza kuma a yi ƙuli-ƙuli. Man gyaɗa na gida ƙamshinsa ke shaidarsa. Idan aka shinshina ba a ji gyaɗa ba, akwai yiwuwar an gauraya shi da wani mai.

Kauɗa

Idan tumatir ya cika kasuwa da rani farashi ya faɗi, manoma kan yanka shi su shanya, shi ne kauɗa. Haka ake busar da tattasai da barkono. Magidanta na birni kan saya su ajiye don damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke tsada. A guji wadda aka shanya a ƙasa ta ɗebi yashi, da wadda ta yi fumfuna.

Gwado da saƙi

Auduga ce ta gina Funtuwa. Kamfanin Turawan Ingila na BCGA, wanda aka kafa a 1902, ya buɗe masana'antun gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Tun kafin haka mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa gwado da luru da saƙi. A yau noman auduga ya ja baya, bargo da yadi na waje sun mamaye kasuwa, masaƙan da suka rage yawanci dattawa ne. Gwadon hannu na ainihi yakan buƙaci cigiya, wani lokaci ma sai an ba da aiki an jira.

Inda ake samu

Hanyar Funtuwa zuwa Yashe, wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi, ita ce jijiyar wannan ciniki, amma kasuwannin mako na ƙauyuka sun fi tasha araha. Matsalar 'yan bindiga ta taɓa sassa irin su Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, don haka fatake kan yi tafiya da rana, su nemi labarin hanya tukuna. Kuɗin da aka biya a kasuwar ƙauye kai-tsaye yake shiga hannun mai daddawa da mai dafa mazarƙwaila da masaƙi, kuma da shi ne waɗannan sana'o'i ke ci gaba da rayuwa.