Daga buhun wake zuwa zaren da ido ba ya gani

Manomin wake a Agie ko Gazawa ba sai an yi masa bayanin leda mai kyau ba. Tun 2007, da jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa buhun PICS tare da masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Maraɗi irin su Ibrahim Baoua, mutane da yawa suka daina barbaɗa wa wake maganin ƙwari. Leda biyu ne a ciki, kowace mai kaurin mikron 80, sai buhun saƙa a waje. A murɗe bakin kowace a ɗaure daban. Ƙwaron ya shanye 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Amma ƙaya ɗaya ko haƙorin ɓera ya isa ya ɓata aikin.

Wannan leda 'yar man fetur ce, irin wadda kamfanin ICI ya gano a Ingila a 1933, kuma ba ta ruɓewa. Nijar ta kafa dokar hana ƙananan ledoji ran 5 ga Nuwamba 2014, amma wanda ya ratsa kasuwar Gidan Rumji bayan ta watse zai ga baƙar leda maƙale a kowace ƙaya. Shi ya sa aka koma neman leda daga sitacin rogo ko masara. Tana ruɓewa kam, sai dai raguwa ce: ga saurin yagewa, ga tsoron danshi.

Abin da zai ƙarfafa ta ya daɗe a hannun masana. A 1838 Bafaranshe Anselme Payen ya ware selulos, sinadarin da ke tsayar da kara da itace, wanda kaɗa kusan shi ce zalla. Wajen 1949, a Upsala ta Suwidin, Bengt Rånby ya dafa shi cikin asid, sassa masu laushi suka narke, aka bar 'yan tsinkaye masu tauri waɗanda faɗinsu bai wuce nanomita kaɗan ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A ƙarshen shekarun 1970 su Albin Turbak na kamfanin ITT Rayonier suka bi ta ƙarfi: suka yi ta matsa ɓargon itace ta ƙaramar kafa har zaren ya warware. Wutar da injin ke ci ta hana abin shiga kasuwa shekara da shekaru.

Sai 1995 labari ya sauya, a cibiyar CERMAV ta Girenobul a Faransa. Favier da Chanzy da Cavaillé suka zuba kashi 6 cikin 100 na tsinkayen a roba mai laushi, taurinta ya ninka ɗaruruwa. Abin mamaki, nasu ba daga tsiro suka samo ba, daga wata halittar teku ne. Dalilin ƙarfin shi ne tsinkayen suna riƙe juna, su saƙa raga a cikin robar, kamar yadda magini ke tattake ciyawa cikin laka kafin ya ɗora katanga. A 1998 Dufresne da Vignon suka yi haka da ledar sitaci, da zaren tukar dankalin turawa. Ragar ba ƙarfi kaɗai take bayarwa ba. Iska ma sai ta yi ta kewaye kafin ta ratsa, abin da mai ajiyar wake ya fi bukata ke nan. Sai dai da damina, idan zaren ya sha danshi, shingen yakan saki.

Matsalar wuta su Akira Isogai na jami'ar Tokiyo suka sassauta a 2006, da sinadarin TEMPO mai sa zaren ya rabu ba sai an dake shi da ƙarfi ba. A 2012 kamfanin CelluForce ya buɗe masana'anta a Kanada mai iya fitar da tan guda a rana.

Yanzu masu bincike sun raja'a kan samo zaren daga abin da suke kira sharar gona, har da karan gero da na dawa. Nan ne nake ganin an yi gaggawa. Wa ya ce kara shara ne a ƙasar Maraɗi? Shi ne abincin dabba da bazara, shi ne danga, shi ne makamashi, har sayar da shi ake yi dami-dami. Wanda aka bari kwance a gona kuma shi ke tare rairayi, ya jawo gara ta buɗe ƙasa, ya kare sabbin tohon da manoman Ɗan Saga suka yi suna wajen renonsu. Ɓawon gyaɗa ya fi dacewa, tunda a tare yake inda ake ɓara, ko da yake shi ma masu kiwo da masu girki ba sa barinsa. Bayan haka aikin yana bukatar asid, da ruwan wankewa mai yawa, da lantarki tsayayye, a yankin da ya daɗe yana jiran wutarsa daga Najeriya.