Tarihin giya a yammacin Zamfara: hani uku, ƙishi ɗaya

1/ Jama'ar Anka, Gummi da Bukkuyum, ku matso. Da yawanmu mun ɗauka a 2000 aka fara hana giya a ƙasar nan. Ni a ƙidayata wancan ne karo na uku. Ba tallar giya na zo yi ba, haramun ce. Tarihi za mu duba.

2/ Kowace ƙasa da abin da take dafa giyarta. A arewa maso yammacin Fotugal inabi ne. Farar giyarsu ta Vinho Verde, tun 1908 hukuma ta shata mata iyakar yankin da za a noma ta. Ana ɗura ta a kwalba, ta ƙetare teku.

3/ Mu nan dawa ce. A jiƙa ta, ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bar ta ta kwana. Burkutu kenan. 'Yan kwanaki kaɗan ta lalace, shi ya sa inda aka dafa nan ake shanyewa. A wajen Maguzawa mata ke dafawa, don gayya, biki da tsafi.

4/ Hani na farko na malamai ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadin 1804. A 1805 kuma jama'arsa ta zauna a Sabon Gari, a nan ƙasar Zamfara.

5/ A Kitabul Farƙ, cikin laifukan da Shehu ya lissafa wa sarakunan lokacin har da ci da shan abin da suka ga dama, ko halal ko haram. Bayan jihadi giya ta zama abin kunya a birni. Amma fa ba ta mutu ba, ƙauyukan da ba su musulunta ba sun ci gaba da dafawa.

6/ Hani na biyu, ku ji abin mamaki, na Turawa ne. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel kan taƙaita shigo da barasa Afirka. Da Ingila ta kama Arewa, sai aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje.

7/ Kudu kuwa jiragen ruwa na ta sauke kwalabe, harajinsu na cikin manyan hanyoyin kuɗin gwamnati. Bayan haɗewar 1914, da aljihun Kudu aka riƙa cike giɓin kasafin Arewa. Kun gane? An hana mu sha, an ciyar da mu da kuɗin.

8/ Kuma hanin da ƙofa a jikinsa: Bature na sha a kulob, baƙi na samun lasisi a Sabon Garin birane. Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, hanya ta ƙara buɗewa.

9/ Na uku shi muka sani. An ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki 27 ga Janairu 2000. Aka rufe mashaya. Haddin mashayi a Malikiyya bulala 80.

10/ To yau mene ne ke kwantar da samarinmu? Ba burkutu ba ce, balle giyar Fotugal. Kodin ne, tiramadol, wiwi, sholisho. Kodin da tiramadol ba su da warin giya, suna shiga aljihu, uwa ba ta ganewa sai yaro ya yi nisa.

11/ Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

12/ Abin da na karanta a tarihin nan: doka na ɗauke tukunya, ba ta ɗauke abin da ya kai mutum bakinta. Hanin Shehu ya fi kama zukata don sai da ya yi shekaru yana karantarwa kafin a kai ga hukunci.

13/ Yaron da rashin tsaro ya raba da gona, makaranta a rufe, sai ramin zinare, bulala kaɗai ba ta raba shi da ƙwaya. Yana buƙatar malami, likita, da sana'a. In kana da ƙane ko aboki a ciki, kar ka jira Hisba ta riga ka. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.