Mallakar bindiga don tsaron gida: abin da doka ta halatta da abin da ta haramta

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka zarce gabashin Jihar Sakkwato, inda suka daɗe suna addabar Sabon Birni, Isa, Goronyo da Rabah, suka gangaro kudu zuwa Tureta da ƙauyukan Shagari, magidanta da dama a kan hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato ta ratsa Bodinga zuwa Shagari suke tambayar wace bindiga ta fi dacewa a ajiye a gida, ƙarama ta hannu ko doguwa. A Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, wannan magana ce ta zaɓi. A Najeriya kuwa, Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka sake bugawa a kundin dokokin tarayya na 2004, ta riga ta yanke mafi yawan hukuncin.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Rukuni na farko shi ne na haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A ciki akwai igwa, bama-bamai, gurneti, bindiga mai jigida, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 ko .303. AK-47 tana nan, domin harsashinta milimita 7.62 ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk wata ƙaramar bindigar hannu, fistol ce ko mai juyi, ita ma a wannan rukuni take. Ke nan makaman biyu da aka fi ambata a muhawarar duk sun fi ƙarfin ɗan kasuwa ko ma'aikaci.

Rukuni na biyu shi ne wanda Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsa: bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu da ke watsa ƙwayoyin dalma, doguwar bindigar farauta wadda faɗin bakinta ya saɓa wa na soja, da bindigar iska. Dokar ta cire duk mai watsa dalma da ke ɗura kanta, ko mai wata na'ura ta sake ɗuri. Rukuni na uku shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin harba-ka-ruga ta maharba, kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Wannan rarrabewa tana da nasaba da ƙarfin harsashi. Harsashin fistol mai milimita 9 yana fita da gudun da ya kai mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa, na AK-47 kuma ya ɗan haura mita 700, yana iya kisa daga nisan ɗaruruwan mitoci. A gidan da ake zaune da mata da yara, ɗakuna suna fuskantar tsakar gida, maƙwabci kuma ba abin da ya raba shi da kai sai katangar bulo, kwano ko zana, irin wannan harsashi idan ya kuskure wanda aka nufa yakan ratsa ƙofa ko danga ya samu wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙwayoyin dalma na bindigar farauta ƙarfinsu yakan ragu sosai bayan mita arba'in zuwa hamsin, duk da cewa a kusa mummunan rauni suke yi.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar. Doka ta hana shi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. A watan Agustan 2023 ma, Kayode Egbetokun, yana muƙaddashin Sufeto-Janar, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi. Hukuncin riƙe haramtaccen makami ba da izini ba ɗaurin aƙalla shekara 10 ne.

Gwamna ba shi da ikon sauya wannan, domin makamai suna cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina su kare kansu a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin hakan. A Sakkwato, Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a 2021, sannan gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2024 don ta tallafa wa jami'an tsaro.

Haƙƙin kare kai yana nan daram. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfin da ya zama tilas don kare rai ko dukiya daga harin da ya saɓa wa doka. Sai dai wannan kariya ba ta wanke laifin mallakar makami ba da lasisi ba: kotu tana iya sallamar mutum kan harbin, ta kuma ɗaure shi kan bindigar.

Magidancin da ke Bodinga ko Shagari, idan yana da tsohon lasisi, ya kamata ya tuntuɓi hedikwatar 'yan sanda da ke Sakkwato don tabbatar da matsayinsa, ya kulle bindigar inda hannun yara ba ya kaiwa, harsashi kuma a wani wurin daban. Wanda ya gaji bindiga daga mahaifinsa bai gaji lasisinta ba, domin da sunan mutum ɗaya ake bayar da shi, don haka wajibi ne magada su kai rahoto ga 'yan sanda kafin su ci gaba da ajiye ta.