Yadda Igwa Ta Ci Ganuwa

A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya ta nufi Kano. Ba su kai mutum dubu ba, amma ranar 3 ga Fabrairu birnin ya faɗa hannunsu. Me ya sa?

Amsar tana cikin makamansu. A farkon ƙarni na 19 sojan Ingila yana riƙe da Brown Bess, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kusan irin bindigar tokar maharbanmu. Gwani ne ke harba ta sau uku a minti ɗaya. A 1871 aka kawo Martini-Henry, mai ɗaukar harsashi ta baya. A 1884 Hiram Maxim ya ƙera bindigar da ƙarfin harbinta ke ɗura mata harsashi na gaba, tana aman kusan 600 a minti. A ruwa ma tururi ya maye gurbin iska, jiragensu suka riƙa hawo Kwara da Binuwai.

Mu kuwa da doki da lifidi da baka muka tare su. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, Burmi shaida ce. Maƙera ce ta ci yaƙin tun kafin a fita fage.