Ranar Da Ɗan Jefi-Jefi Ya Kayar Da Indiya

Mai karatu, a wasan kurket na kwana biyar, gwanayen jifa ake bari ƙarshe wajen bugu, domin hannunsu bai faɗa ba.

Ranar 6 ga Janairu 2008 a Sidni, saura mintoci a tashi canjaras, Ostireliya na bukatar fitar da 'yan Indiya uku. Sai kyaftin Ricky Ponting ya miƙa wa Michael Clarke ƙwallo, mutumin da bugu ne aikinsa, jifan murɗe kuwa sai jefi-jefi. Cikin jifa biyar ya sallami Harbhajan Singh da RP Singh da Ishant Sharma. Anil Kumble, kyaftin ɗin Indiya da ya daɗe yana tare gida, ya rasa abokin tsayuwa. Ostireliya ta ci da ratar maki 122.

Raina kama ka ga gayya!