Fentin sabuwar mota: Yadda ake zaɓen sabulu da kakin da ba za su cinye shi ba

Ƙyallin da ke jan ido a jikin sabuwar mota yana fitowa ne daga wani siririn shafi wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Idan ya ƙare, ba ya tohowa, sai dai a koma wurin mai fenti. Shi ya sa zaɓen sabulu da kakin mota ya rataya a kan tambaya guda: wannan abin ƙara wa shafin kariya yake yi, ko kuwa rage shi yake yi?

Yadda fentin yake

Kamfanonin ƙera motoci na zamani suna yi wa ƙarfe shafi huɗu. Na farko yana hana tsatsa, na biyu yana daidaita jiki, na uku shi ne launi, na huɗu kuma garai yake kamar gilashi. Dukansu a haɗe kan kai maikron 100 zuwa 150, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Shafin saman shi kaɗai yakan tsaya tsakanin maikron 35 zuwa 50, kuma shi ne ke tare hasken rana daga dusar da launi. Motocin da ake gani da rufi da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa, wannan shafin ne ya mutu.

A ƙasar Hausa shafin yana fuskantar abokan gaba biyu masu ƙarfi: zafin rana da ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ƙurar tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda taurinsu ya fi na gilashi. Don haka goge busasshiyar mota da tsumma da sassafe, al'adar da ta zama ruwan dare a gidaje da ofisoshi, daidai yake da dirza ta da takardar yashi mai laushi. Daga nan ne ake samun zane-zanen da ke bayyana kamar saƙar gizo idan rana ta haska baƙar mota.

Sabulu

Garin sabulun wanki, wanda aka fi sani da omo, an haɗa shi ne don cire maiƙo daga tufafi, kuma yana da kaifi irin na kanwa. A ma'aunin pH yakan kai 10 ko sama. Yana wanke kakin da aka shafa, yana busar da robobin tagogi, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karce fenti. Sabulun wanke kwanoni ma yana cire kaki. Abin da ya dace shi ne sabulun ruwa na mota wanda aka nuna a jikin kwalbarsa cewa pH ɗinsa na kusa da 7. Amfaninsa yana cikin santsinsa, domin santsin ne ke sa ƙura ta zame maimakon ta ja layi.

Abin wankin ma yana da nasa muhimmanci. Soson katifa da tsohuwar singileti suna riƙe yashi a samansu, yayin da tawul ɗin maikrofaiba ke shigar da shi cikin gashinsa. Ƙa'idar ita ce a fara kwarara ruwa har ƙura ta sauka, a yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tawul, a fara daga rufi zuwa ƙasa, a kuma ware wa tayoyi nasu tsumman. Ruwan burtsatse da na rijiya kan ƙunshi gishirin ƙasa da ke barin tabo idan ya bushe a rana, saboda haka wanki a inuwa da tsanewa nan take sun fi.

Kaki da danginsa

Kayan kariya iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Brazil. Yana narkewa ne a wajen digiri 82 zuwa 86 na salshiyos, yana ba da sheƙi mai zurfi, amma a yanayin zafi makonni kawai yake yi, da wuya ya wuce wata biyu zuwa uku. Na biyu shi ne kakin da aka haɗa da sinadarai a masana'anta, wanda kan kai wata huɗu zuwa shida, kuma ya fi dacewa da motar da ke wuni a rana. Na uku shi ne shafin siramik, wanda ke daskarewa a kan fenti ya yi shekara biyu ko fiye. Ya fi tsada, yana buƙatar ƙwararren hannu, kuma ba ya hana tsakuwa ko makulli karce mota, duk da abin da wasu masu talla ke faɗa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne rikita kaki da folish. Kaki shafi ne da ake ɗorawa. Folish kuwa yana ɗauke da gari mai kaifi da ke kankare saman fenti don share zane. Motar da aka yi wa folish da inji tana fitowa fes, amma kowane zagaye yana rage 'yan maikron daga shafin da tun asali bai wuce 50 ba. Sabuwar mota marar zane ba ta buƙatarsa. Akwai kuma kakin da aka gauraya da irin wannan garin ana sayar da shi a matsayin mai tsabtacewa da ƙyalli lokaci guda, shi ma ya fi dacewa da fentin da ya tsufa.

Sabuwa daga kamfani, ko sabuwa a hannu

Fentin kamfani ana gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 140, don haka ya gama bushewa kafin motar ta bar masana'anta, kuma ana iya shafa mata kaki tun ranar farko. Amma yawancin motocin da ake kira sababbi a kasuwannin Najeriya na hannu ne da aka shigo da su, kuma da yawa an taɓa musu fenti kafin a kai su wurin dillalai. Irin wannan fentin yana buƙatar kwana 30 zuwa 90, gwargwadon nau'insa, kafin sinadaran da ke cikinsa su gama fita. Rufe shi da kaki da wuri na iya dusar da shi. Tambayar dillali, ko gwada kaurin fentin da 'yar na'urar awo, yana warware shakka. Fenti marar sheƙi, irin wanda ake yayi yanzu, kaki na yau da kullum yana ɓata shi.

Abubuwan lura

Kashin tsuntsaye da na jemage da danƙon itatuwa suna iya cin shafin sama cikin sa'o'i idan rana ta buga su. Mai ajiye mota a gindin dalbejiya ko mangwaro ya kamata ya jiƙa wurin da ruwa ya ɗauke ƙazantar a hankali, ba tare da dirzawa ba.

Sanannun sunaye irin su Turtle Wax da Meguiar's da Sonax suna da kaya a kowane rukuni, saboda haka suna kaɗai ba ya nuna abin da ke cikin kwalba. Karanta bayanin aikinta da duba hatimin murfinta ne ke nunawa. Gwajin ƙarshe kuwa ruwa ne. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, kariyar tana nan. Idan ya shimfiɗu ya kwanta a jikin motar, lokacin sabon shafi ya yi.