Kujera ta Uku a Motar Asibiti: Yadda Koyon Agajin Gaggawa Ya Koma Jami'a

Idan aka kira motar asibiti a Ingila ko Ostireliya, galibi ma'aikata biyu ne ke zuwa, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kula da marar lafiya. Amma wani lokaci za ka ga mutum na uku ya sauko riƙe da jaka, kayansa sun ɗan bambanta da nasu. Wannan ɗalibin jami'a ne da ke karatun digiri a fannin agajin gaggawa, aikin da Turawa ke kira faramedik. Ba ya cikin lissafin ma'aikatan da ke bakin aiki, kuma yawanci ba shi da albashi. An turo shi zaman sanin makamar aiki ne, ya koya a jikin marasa lafiya na gaske, wani ƙwararre yana tsaye a kansa.

Shekara sittin da suka wuce babu wannan ɗalibi, babu ma wannan sana'a. Tarihinta kuwa, idan ka bi shi a hankali, yana yawo ne a kan tambaya guda: a ina mutum zai koyi taɓa wanda ke bakin mutuwa, kuma wa zai tsaya masa?

Lokacin da motar gawa ce motar asibiti

A shekarar 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da wani rahoto kan mace-mace da naƙasa da haɗurra ke jawowa. Rahoton ya ce a 1965 kaɗai haɗurra sun kashe mutum dubu 107 a ƙasar. Ya kuma ce kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya yana hannun masu kamfanonin shirya jana'iza ne, su wajen dubu 12. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne: su ke da doguwar motar da mutum zai iya kwanciya a ciki. Direbobin da yawa ba su da ko horon taimakon farko. Aikinsu a ɗauka a gudu, in an isa asibiti da sauran numfashi to madalla.

A wannan shekarar ce kuma wani likitan zuciya a Belfast ta Ireland ta Arewa, Frank Pantridge, ya gwada wani abu daban. Ya lura cewa da yawa daga cikin masu bugun zuciya suna mutuwa ne tun kafin su iso asibiti, saboda zuciyar ta rikice tana karkarwa maimakon ta harba jini. Maganin wannan shi ne a ba ta girgizar lantarki cikin 'yan mintuna. Sai ya haɗa na'urar da ke aiki da batirin mota, nauyinta wajen kilo 70, ya sa ta a motar asibiti tare da likita da nas. Ya nuna cewa ana iya kai magani wurin marar lafiya a kan titi ko cikin gidansa. Sai dai ba kowane gari ne ke da likitocin da za a zuba a mota dare da rana ba. Dole a koyar da wasu.

Makarantar farko: ɗakin tiyata

Unguwar Hill District a birnin Pittsburgh ta baƙaƙen fata ce, kuma talakawa. A shekarun 1960, idan mutum ya faɗi a can, 'yan sanda ne ke zuwa su saka shi a bayan motar da suke kwasar masu laifi. A 1967 wata ƙungiyar unguwar mai suna Freedom House ta haɗa kai da Peter Safar, likitan sa barci a tiyata ɗan asalin Austriya, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hanyar farfaɗo da mutum ta hura masa iska baki da baki da danna ƙirji. Shekara guda kafin nan, 'yarsa mai shekara 11 ta rasu bayan ciwon asma ya taso mata. An dawo da bugun zuciyarta, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta daɗe ba iska.

Safar ya ɗauki mazan unguwar, waɗanda da yawansu ba su da aikin yi, wasu ma ba su gama sakandare ba, ya tsara masu kwas na mako 32, kimanin awa 300. Sun yi karatun sassan jiki da yadda suke aiki a aji. Abin da ya bambanta kwas ɗin shi ne ya shigar da su cikin asibiti: ɗakin tiyata, sashen gaggawa, ɗakin haihuwa. A tiyata, inda marar lafiya ke kwance an sa shi barci kuma likita na tsaye, nan suka koyi buɗe hanyar numfashi da sa allura a jijiya. Ka ga ke nan tun ranar farko, sana'ar a gefen gadon marar lafiya aka haife ta.

A shekararsu ta farko sun amsa kira kusan 5,800. Daga baya wata matashiyar likita, Nancy Caroline, ta zama shugabarsu ta fannin lafiya, tana bin su cikin motar da kanta. Daga wannan aiki ta tsara manhajar horar da faramedik da gwamnatin Amurka ta ɗauka, ta kuma rubuta littafin Emergency Care in the Streets wanda har yau ake sabunta shi. Amma a watan Oktoba na 1975 aka rufe Freedom House, bayan hukumar birnin ta kafa nata sashen motocin asibiti. An ci gaba da amfani da tsarin da suka gina, su kuwa da yawansu aka bar su a baya.

Zamanin koyo a hannun maigida

A Birtaniya hanyar ta ɗan bambanta. Rahoton Millar na 1966 ya nemi a riƙa ba ma'aikatan motar asibiti horo na bai ɗaya, su riƙa jinya ba ɗauka kawai ba. A farkon shekarun 1970 wani likitan zuciya a Brighton, Douglas Chamberlain, ya koya wa wasu daga cikinsu amfani da na'urar girgiza zuciya. A 1974 aka mayar da motocin asibiti ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS.

Tsarin da ya kafu daga nan ya yi kama da na ɗan koyo a garejin makanike. Za a ɗauke ka aiki, ka fara da kai marasa lafiya asibiti da mayar da su gida, ka zama mataimaki, ka shekara biyu ko fiye kana bin manya. Sannan a tura ka kwas na 'yan makonni, da wasu makonni a asibiti, inda ake so ka zura bututun numfashi a maƙogwaro sau 25, ka sa allurar jijiya sau 25, likita ya sa maka hannu.

Tsarin yana da alfanunsa. Kafin a kira ka faramedik ka riga ka ga marasa lafiya ba iyaka, kuma kana karɓar albashi tun ranar farko. Matsalarsa ita ce an gina shi domin haɗarin mota da tsayawar zuciya, alhali irin waɗannan kaɗan ne cikin kiran da ake samu. Mafi yawa tsohuwa ce ta faɗi a banɗaki, ko mai ciwon suga, ko mai matsalar ƙwaƙwalwa da dare ya yi masa tsawo. A nan ba saurin hannu ake buƙata ba, hukunci ake buƙata: a kai asibiti ko a bari a gida? Wannan hukunci yana son ilimin magunguna da na cututtuka, wanda kwas ɗin 'yan makonni ba ya ɗauka.

Shigowar jami'a

 A 1994 Jami'ar Charles Sturt ta Ostireliya ta buɗe digiri a wannan fanni. A Ingila, Jami'ar Hertfordshire ta bi sahu a ƙarshen shekarun 1990. A farkon shekarun 2000 aka fara yi wa faramedik rajista a Birtaniya kamar sauran ma'aikatan lafiya, ta yadda ba kowa ne zai kira kansa da sunan ba. Wani nazari da aka fitar a 2013 ya ba da shawarar digiri ya zama matakin shiga, kuma daga watan Satumba na 2021 hukumar rajista ta HCPC ta daina amincewa da kwas da bai kai digiri ba. Ostireliya ta fara tata rajistar ta ƙasa ranar 1 ga Disamba, 2018.

To a nan ne abin ya juya. A da, mutum ma'aikaci ne da ake tura shi aji lokaci zuwa lokaci. Yanzu ɗalibi ne da ake tura shi bakin aiki lokaci zuwa lokaci. Yarinya 'yar shekara 18 da ta fito daga sakandare, wadda wataƙila ba ta taɓa ganin gawa ba, cikin shekara uku za ta zama mai yanke hukunci a ɗakin wani da ƙarfe uku na dare. Duk gogewar da tsohon tsari ke bayarwa cikin shekaru, yanzu sai an matse ta cikin makonnin sanin makamar aiki.

Yadda ake yi shi ne a haɗa ɗalibi da wani ƙwararren faramedik da zai zama malaminsa a fili. Zai bi shi aikin awa 12, dare da rana, har da ranakun hutu. A shekarar farko yawanci kallo ne da awon jini da tambayar marar lafiya tarihin ciwonsa. A shekarar ƙarshe shi ke jagorantar aikin, malamin na gefe, ba zai sa baki ba sai ya ga za a yi ɓarna. Akwai kundin da ake sa hannu a kan kowace ƙwarewa. Ana kuma tura su sashen gaggawa, tiyata, ɗakin haihuwa, sashen masu taɓin hankali da gidajen kula da tsofaffi.

Kujerar guda ɗaya ce

Jami'a na iya ƙara kujeru ɗari a ɗakin lacca. Motar asibiti kuwa ɗalibi ɗaya take ɗauka. A Ingila manyan hukumomin motocin asibiti goma ne, kuma duk jami'o'in da ke yankin kowace hukuma ita suke jira. Ga shi kuma ba a yin odar marasa lafiya. Wani ɗalibi zai karɓi haihuwa a makonsa na biyu, wani zai gama digiri bai gani ba. Wani zai kwana a layin motoci a ƙofar asibiti yana jiran a karɓi mutum ɗaya: an rubuta masa awa 12, amma abin da ya koya bai taka kara ya karya ba.

Labarin bututun numfashi ya nuna inda ƙarancin wurin koyo ke kaiwa. Daga ƙarshen shekarun 1980 likitocin sa barci suka rungumi wata na'ura da Archie Brain ya ƙirƙira, wadda ke zama a saman maƙogwaro ba sai an zura ta ciki ba. Sai zura bututu a tiyata ya ragu, ɗalibai suka rasa inda za su cika 25 ɗinsu. Waɗanda suka ƙware ma, a shekara sau kaɗan suke yi a fili, hannu kuwa yana mantuwa. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne: idan bututun ya shiga hanyar abinci ba a gane ba, ana hura iska cikin tumbi ne ƙwaƙwalwa na mutuwa. A 2008 wani kwamitin ƙwararru a Birtaniya ya ce bai kamata a ci gaba da wajabta wa kowane faramedik wannan aiki ba. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna AIRWAYS-2, da ya haɗa mutum 9,296 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, wanda ya gwada hanyoyin biyu. Waɗanda suka rayu cikin yanayi mai kyau kashi 6.4 ne cikin ɗari da sabuwar na'urar, kashi 6.8 da bututu, bambancin da bai wuce a danganta shi da sa'a ba. Aikin da a da shi ne tambarin faramedik, yanzu a wurare da dama an bar wa 'yan ƙalilan masu ƙarin horo.

Sai batun kuɗi. Mai aikin dare na awa 12 kyauta ba zai iya riƙe wani aikin da zai ci abinci da shi ba, ga kuɗin mota zuwa tasha mai nisa. Daga 2020 Ingila ta sa ɗaliban faramedik cikin masu samun tallafin fam 5,000 a shekara. A Ostireliya kuwa, da gwamnati ta fara biyan ɗalibai kuɗin zaman sanin makamar aiki a watan Yuli na 2025, ta lissafa masu karatun jinya, ungozoma, koyarwa da aikin jin daɗin jama'a, ba ta sa faramedik ba.

Mutum-mutumi fa?

Lokacin annobar korona a 2020 an dakatar da tura ɗalibai a wurare da yawa, aka koma ga mutum-mutumin roba mai numfashi da bugun zuciya, da 'yan wasa masu kwaikwayon ciwo. Wannan hanya tana da amfani sosai. Za ka iya maimaita farfaɗo da jariri sau ashirin, ka yi kuskure ba wanda ya mutu. Abin da ba ta da shi su ne matsattsen bene, duhu, kare mai haushi, da matar da ke riƙe da rigarka tana tambaya ko mijinta zai tashi. Shi ya sa har yau hukumomin rajista ke neman ɗalibi ya yi aiki a fili kafin a ba shi suna.

Mu ma a Najeriya, inda ake ƙoƙarin kafa tsarin motocin agajin gaggawa kuma har yanzu mai haɗari a bayan a-kori-kura ko Keke Napep yake isa asibiti, wannan tarihi ya shafe mu. Buɗe kwas da buga takardar shaida shi ne ɓangare mai sauƙi. Duk wanda zai tura ɗansa ko ƙanwarsa irin wannan karatu, ya tambayi makarantar abu uku: motoci nawa ne ke fita aiki da ɗalibai, wane asibiti ne ya yarda su shiga tiyata da ɗakin haihuwa, kuma wane ne zai tsaya a kansu ranar da za su fara taɓa marar lafiya.